Yadda ake gano matsalar kwamfutar da ta daina nuna hoto bayan an ƙara mata kaya

Ka yi wata da watanni kana tara kuɗi, ka sayo katin hoto ko ƙarin RAM ko sabon firosesa, ka buɗe akwatin kwamfutar da ka haɗa da hannunka ka saka. Ka danna maɓalli, fankoki sun tashi, fitilu sun kama, amma monita baƙi ƙirin, sai ɗan rubutun nan na babu sigina da ke yawo a kai kafin ta ɗauke. A nan ne gaban mutum yake faɗuwa, ya fara lissafin asarar da ya tafka.

Kwantar da hankalinka tukuna. Na daɗe ina wannan aiki, kuma a cikin kwamfutocin da ake kawo mini da wannan ciwo, waɗanda wani abu ya ƙone a cikinsu da gaske ba su da yawa. Galibi waya ce ba ta shiga inda ya dace ba, ko RAM bai zauna ba, ko kuma madabod (bod a taƙaice), wato babban allon da komai ke zaune a kansa, bai san baƙon da aka kawo masa ba. Abin da ke lalata aikin shi ne mutum ya rikice ya taɓa abu biyar a lokaci guda, ya cire wannan ya murɗa wancan, har ya ƙara matsala ta biyu a kan ta farko. Ƙa'idata ita ce abu ɗaya za ka canza, ka kunna, ka duba, sannan ka wuce na gaba. Kuma kada ka sayi komai sai ka kama mai laifi da hannu.

Abu ɗaya ya kamata ka sani kafin mu fara. Da zarar ka danna maɓalli, tun kafin Windows ta motsa, bod yana bin kayansa ɗaya bayan ɗaya yana dubawa: firosesa, sai RAM, sai katin hoto, sai ma'ajiyar da zai tashi daga cikinta. Wannan dubawar ake kira POST. Idan ya tsaya a kan na farko ko na biyu, ba zai taɓa kaiwa ga nuna hoto ba. Saboda haka baƙin allo ba ya nufin katin hoto ne ya mutu.

Kayan da za ka tanada

- Sukudireba mai baki huɗu, matsakaiciya.
- Tocila, ko fitilar wayar hannu.
- Wayar HDMI ta biyu wadda ka tabbatar tana aiki, da talabijin ko wata monita.
- Littafin bod ɗinka. In ya ɓace, sunan bod yana rubuce a jikinsa da manyan baƙaƙe, kamar B450M ko H610M. Nemo littafin a shafin kamfanin ka sauke a waya.
- Farin magogin fensir da sabon burushin fenti mai laushi.
- Sabon batir CR2032. Masu gyaran agogo suna sayar da shi.
- Man da ake shafa wa firosesa, idan har za ka ɗaga fankarsa.
- Ƙaramin filash, 8GB ko 16GB ya isa.
- Tsohon kayan da ka cire. Wannan ya fi komai muhimmanci, kada ka sayar da shi sai sabon ya yi kwana biyu yana aiki.
- Mitar auna ƙarfin wuta da ƙaramar lasifikar bod, in akwai. In babu, aikin zai yiwu.

Duk lokacin da za ka sa hannu a ciki, ka kashe makunnin bayan fawa-fak, wato akwatin da ke rarraba wa kayan ciki wuta, ka zare wayar daga bango, sannan ka danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 10 don ragowar wuta ta fita. A lokacin hunturu ka ƙara kula. Ka san ɗan tartsatsin nan da kake ji idan ka taɓa ƙofar mota ko ka cire rigar sanyi? Shi ne ke kashe RAM da bod ba tare da ka ga komai ba. Ka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka ɗauki kowane kaya, ka riƙe shi ta gefe, kuma kada ka yi aikin a kan kafet ko katifa.

1. Fara da monita da wayarta

Leƙa bayan kwamfutar. Akwai mahaɗan hoto a wuri biyu: na bod, waɗanda ke sama tare da ramukan USB, da na katin hoto, waɗanda ke ƙasa a kwance. Idan ka saka katin hoto, wayar monita a jikin katin za ta shiga. Wannan ne kuskuren da na fi gani, domin hannu ya saba da tsohon rami, can yake komawa.

Ka kuma san irin firosesanka. Na Intel masu harafin F a ƙarshe, kamar i5-9400F da i5-12400F, ba su da sashen hoto a cikinsu ko kaɗan. Haka Ryzen 5 3600 da 5600 na AMD. Masu G, irin su 3200G da 5600G, suna da shi. Wanda ya cire 3200G ya saka 5600 alhali ba shi da katin hoto, ramin HDMI na bod ya zama ado kawai, babu abin da zai fito ta nan.

Danna maɓallin monita ka zaɓi mashigar da hannunka, HDMI 1 ko HDMI 2 ko DisplayPort, don ba kowace monita ce ke ganewa da kanta ba. Canza waya. Gwada talabijin.

Masu tsohuwar monita mai shuɗin kai na VGA, ku saurara nan. Katunan hoto na Nvidia tun daga jerin GTX 10 ba sa fitar da siginar VGA. Ramin DVI da ke jikinsu DVI-D ne, kuma ɗan mahaɗin DVI zuwa VGA da babu komai a cikinsa sai waya ba zai yi aiki a kai ba, ko da ka samu ya shiga. Abin da kake buƙata shi ne na'urar juya HDMI zuwa VGA mai ɗan inji a ciki, kuma hanya ɗaya take bi. Wadda aka yi don VGA zuwa HDMI ba za ta yi maka ba.

2. Tambayi bod inda ya tsaya

Buɗe murfin gefe, ka kunna, ka zuba ido. Bod da yawa na zamani suna da ƙananan fitilu huɗu a gefen dama kusa da babbar wayar wuta, an rubuta CPU, DRAM, VGA da BOOT. Suna kamawa bi da bi suna mutuwa. Wadda ta tsaya a kunne ita ce inda aka maƙale, sai ka tsallaka kai tsaye zuwa matakin da ya shafe ta. Idan BOOT ce ta tsaya, albishirinka, bod ya wuce katin hoto lafiya, ka koma kan monita da waya.

In babu fitilu, ɗaura ƙaramar lasifika a filolin da aka rubuta SPEAKER. Gajeren ƙara ɗaya yana nufin lafiya lau. A bod ɗin ASUS, dogon ƙara ɗaya da gajeru biyu RAM ne, dogo ɗaya da gajeru uku katin hoto ne. Sauran kamfanoni kowa da nasa, littafi zai faɗa maka.

In babu fitilu babu lasifika, ga dabarar da nake yi. Jona kibod mai waya, ka ba kwamfutar minti ɗaya, ka danna Caps Lock. Idan fitilarsa tana kamawa tana mutuwa, kwamfutar ta tashi, hoton ne kawai bai iso ba. Idan ko motsi ba ta yi, bod bai gama duba kayansa ba.

Ka kuma yi haƙuri da sabon bod mai RAM irin DDR5, musamman mai soket, wato mazaunin firosesa, na AM5 na AMD. Kunnawar farko bayan an canza RAM yana iya ɗaukar mintuna yana gwada shi, allo baƙi, fitilar DRAM a kunne. Mutane suna kashewa bayan daƙiƙa 30 su ce ya lalace. Ba shi minti 10 kafin ka yanke hukunci.

3. Bi wayoyin wuta ɗaya bayan ɗaya

Uku ne: babbar mai fil 24 a gefen bod, ta firosesa mai fil 8 a can sama ta hagu, da ta katin hoto. Zare kowacce ka mayar har ka ji maƙallinta ya kama. Ta firosesa tana lungu, hannu yakan ture ta lokacin da ake ɗaura fanka, kuma idan ta saki, fankoki za su juya kamar komai lafiya amma babu hoto.

Ta firosesa da ta katin hoto suna kama da juna, amma ba ɗaya ba ne. Ta firosesa tana rabuwa 4 da 4, an rubuta CPU. Ta katin hoto tana rabuwa 6 da 2, an rubuta PCIe ko VGA. Idan ka ji tana gardama, ba wurinta ba ne, kada ka tilasta. Ƙananan filoli biyun nan na 6 da 2 suna son zamewa su tsaya a waje, haska tocila ka gani.

Gargaɗi mai girma: idan sabon fawa-fak ɗinka irin wanda ake cire wa wayoyi ne, kada ka yi amfani da wayoyin tsohon. Kawunansu suna iya shiga daidai amma jerin wutar da ke ciki ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Wannan ganganci yana ƙona SSD da katin hoto a daƙiƙa ɗaya.

4. RAM

A nan zan daɗe, domin a nan aka fi samun ɓarawon, ko da ba RAM ɗin ka canza ba.

Akwai wani matashi da ya ɗauko kwamfutarsa a keke-napep ya kawo mini da rana tsaka, ya rungume ta a ƙirji, idanunsa sun yi ja. Ya sa ƙarin RAM da daddare, tun daga nan bai sake ganin hoto ba, har ya fara tambayar kuɗin sabon bod. Na haska tocila a gindin RAM ɗin, sai ga siririn layin zinare yana leƙowa ta ƙasa, bai fi kaurin farce ba, maƙallin ƙasa kuma bai rufe ba. Na ɗora manyan yatsuna biyu a kai na danna, muka ji ƙas. Tambarin bod ya fito tun bai gama goge zufa ba. Tsoron karyawa ne ya hana shi dannawa sosai. RAM yana son ƙarfi fiye da yadda sabon shiga ke zato.

Ga yadda za ka bi:

Cire RAM gaba ɗaya. Goge haƙoransa na zinare da magogin fensir a hankali, ka kaɗe ɓurɓushin da burushi, ka share ƙurar ramin. Ƙurar hunturu tana cika ramukan da suka daɗe babu komai a ciki, sai ka cusa sabon RAM a kanta. Kada ka hura da baki, yawu yana bi.

Ɗauki guda ɗaya kacal, tsohon da ka san yana aiki. A bod mai rami huɗu, saka shi a na biyu daga firosesa, wanda yawanci ake kira A2. Daidaita yankan da ke ƙasansa da tudun cikin ramin, ka danna gefe biyu har su kama. Wasu bod ɗin maƙalli ɗaya ne ke buɗewa, ɗaya gefen a kafe yake, kuma gefen nan kafaffe shi ne ya fi yaudara. Kunna. In ya nuna, kashe ka gwada sabon shi kaɗai a rami ɗin nan. In shi ma ya nuna, saka biyun a rami na biyu da na huɗu.

Idan kowanne yana aiki shi kaɗai amma sun ƙi zama tare, ko dai ba su jitu ba, ko XMP, saitin ƙara wa RAM gudu, da ka kunna wa tsohon ne ya fi ƙarfin sabon. Mataki na 5 zai warware na biyun. Idan kuwa wani rami ne ya ƙi karɓar kowane RAM, riƙe wannan a ranka, za mu dawo kansa wajen firosesa.

Duba takardar da ke jikin sabon RAM ɗin da kyau, musamman in na hannu ne. DDR3 da DDR4 da DDR5 yankansu ba wuri ɗaya yake ba, ba sa shiga ramin juna. Wanda ya fi cutar da mutane shi ne RAM ɗin manyan kwamfutocin kamfanoni da ake kira saba, da ke shigowa kasuwa da araha mai jan ido. Yana shiga ramin daidai, amma bod ɗin gida ba ya tashi da shi. Alamarsa ita ce rubutun RDIMM ko Registered, ko harafin R bayan lambar gudu, kamar PC3-10600R. Naka na gida U ne, kamar PC3-12800U. Ka ga 16GB a rabin kuɗi, juya shi ka karanta kafin ka biya.

5. Mayar da BIOS yadda ya zo daga kamfani

BIOS, wato manhajar da ke cikin bod mai tada kwamfuta kafin Windows, yana riƙe da saitin tsofaffin kaya, wani lokaci saitin nan ne ke hana sabon tashi. Zare wuta, ka ɓalle zagayayyen batirin da ke kan bod, ka danne maɓallin kunnawa daƙiƙa 15, ka jira minti 5, ka mayar da shi ɓangaren mai alamar + yana sama. Idan batirin yana ɓoye a ƙarƙashin katin hoto, nemi filoli biyu da aka rubuta CLR_CMOS, ko CLRTC a ASUS, ko JBAT1 a MSI, ka haɗa su da bakin sukudireba daƙiƙa 10, wuta a zare. In kana da mita, auna batirin. 3V ya kamata ya nuna, in ya yi ƙasa sosai canza shi.

Bayan wannan kwamfutar tana iya kunna kanta ta kashe sau biyu ko uku. Ƙyale ta, gwaji take yi.

Wannan matakin ne kuma maganin wanda ya shiga BIOS ya kashe CSM, saitin da ke barin tsofaffin kaya su yi aiki, ya kunna saitin tsaro na Secure Boot saboda Windows 11, sai hoto ya ɗauke. Tsofaffin katunan hoto da ba su san UEFI, sabon tsarin BIOS, ba ba sa nuna komai idan an kashe CSM.

Ka lura: idan an kulle ma'ajiyarka da BitLocker, makullin bayanai na Windows, taɓa BIOS ko canza firosesa yana iya sa Windows ta nemi mabuɗin nan mai lamba 48. Yawanci yana ajiye a asusunka na Microsoft. Nemo shi da waya tun kafin ka buƙace shi.

6. Katin hoto

Kwance notin da ke riƙe da shi, danna maƙallin ƙarshen ramin, ka zaro shi. Kada ka fizga maƙalli a rufe, na ga ramin da aka tumɓuke daga bod ta haka. Duba ko akwai robar da kamfani ke rufe haƙoransa da ita. Mayar da shi a dogon rami na sama, mafi kusa da firosesa, ka danna har maƙalli ya tashi da kansa. Kalli ƙarfen bayansa: idan harshensa ya hau kan bod ko ya tokari akwati, katin zai zauna a karkace, rabin haƙora a waje.

Bai nuna ba? Cire shi gaba ɗaya. In firosesanka yana da sashen hoto, mayar da wayar monita jikin bod. In ba shi da shi, mayar da tsohon kati. Hoto ya dawo, to zargi ya koma kan abu biyu: sabon katin, ko wutar da ake ba shi. Hanyar raba gardama ita ce ka kai katin kwamfutar wani mai fawa-fak mai ƙarfi a gwada. Kada fankar kati ta ruɗe ka, katuna da yawa ba sa juya fanka sai sun ɗauki zafi.

Idan DisplayPort kake amfani da shi, gwada HDMI. Wasu katunan GTX 700 da 900 da 10 suna barin allo baƙi a kan sababbin monitoci masu DisplayPort 1.3 ko 1.4 har sai Windows ta tashi, kuma Nvidia ta fitar da manhajar gyara wannan tun 2018.

7. Firosesa da sabunta BIOS

Shigar firosesa cikin soket ba ya nufin bod ya san shi. Shiga shafin kamfanin bod, nemi jerin firosesan da yake ɗauka, ka ga lambar BIOS da aka rubuta a gaban naka.

Misalai uku da suka fi kama mutane. Bod ɗin B450 ya fito a 2018, Ryzen 5000 kuma sai a ƙarshen 2020, don haka B450 mai tsohon BIOS ba zai tashi da 5600 ba. Bod ɗin H610 da B660 an yi su ne don zuriya ta 12 ta Intel, suna buƙatar sabuntawa kafin su karɓi ta 13 da ta 14. Na ukun shi ne mai zafi: zuriya ta 6 zuwa ta 9 duk soket ɗinsu LGA1151 ne, amma ta 8 da ta 9 sai a bod ɗin jerin 300, irin H310 da B360. Ka sa i5-8400 a H110, zai zauna daram, kuma babu sabuntawar kamfani da za ta tashe shi.

Idan BIOS ne ya tsufa, mayar da tsohon firosesa, ka sabunta, sannan ka saka sabon. In ka riga ka rabu da tsohon, duba bayan bod ko akwai ɗan maɓallin sabunta BIOS ba tare da firosesa ba. ASUS na kiransa BIOS FlashBack, MSI na kiransa Flash BIOS Button, Gigabyte kuma Q-Flash Plus. Goge filash, wato ka yi masa fomat, ka zaɓi tsarin FAT32, sauke fayil ɗin da ya dace da ainihin sunan bod ɗinka har da lambar bugunsa, ka canza masa suna: MSI.ROM a MSI, GIGABYTE.bin a Gigabyte, ASUS kuwa akwai ƙaramar manhajar canza suna a cikin abin da ka sauke. Jona waya mai fil 24 da mai fil 8, sa filash a ramin USB da aka yi wa alama, kwamfuta a kashe, ka danna maɓallin. Fitila za ta yi ta ƙyaftawa na wasu mintuna. Kada ka taɓa komai sai ta daina. In babu wannan maɓalli, ari tsohon firosesa wajen aboki ko ka kai wa mai gyara ya sabunta maka.

Don Allah kada ka yi wannan aiki a kan wutar NEPA tsirara. In aka ɗauke ana tsakiyar rubutawa, bod yana iya zama gawa. Yi a kan inbata ko UPS mai cikakken caji, ko janaretan da ka tabbatar da mansa.

BIOS daidai ne amma fitilar CPU ta ƙi mutuwa? Sai a ɗaga firosesa. A soket ɗin AM4 na AMD, murza fankar hagu da dama a hankali kafin ka ɗaga, domin busasshen mai yana manne su, sai fanka ta fizgo firosesa daga soket ta lanƙwasa masa ƙafafu. A AM4 ƙafafun suna jikin firosesa, a Intel da AM5 suna cikin soket. Haska tocila ta gefe, ka ɗauki hoto da waya ka buɗa shi. Ƙafafu lafiyayyu suna ƙyalli iri ɗaya kamar shuka a kunya, wadda ta karkace ƙyallinta daban yake. Ta AM4 ana iya miƙe ta da bakin reza ko siririn kati, a hankali ƙwarai, don sau biyu ka lanƙwasa ta karye. Ta cikin soket ban ba sabon shiga shawarar taɓawa ba, kai wa wanda ya saba.

Ka tuna ramin RAM ɗin da ya ƙi karɓar komai? Sau da yawa ƙafa ɗaya ce ta karkace, ko an ɗaure fankar firosesa ta gefe ɗaya fiye da kima. Sassauta notocin, ka sake ɗaurewa kusurwa da kusurwa, kaɗan-kaɗan, ka tsaya da zarar sun tsaya. Goge tsohon mai, ka ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya.

8. Fawa-fak

Ramin katin hoto yana ba da wat 75 ne kawai, waya mai fil 6 ta ƙara 75, mai fil 8 ta ƙara 150. RX 580 yana shan wat 185, ana son fawa-fak mai 500. RTX 3060 yana shan 170, Nvidia ta ce a ba shi mai 550. Karanta takardar jikin naka, ka dubi layin +12V, shi ne ke ɗaukar nauyin firosesa da kati. Marar suna mai sauƙin nauyi kamar fanko, wanda aka rubuta wa 650W, sau da yawa ba ya kai abin da aka rubuta. Araha ba ta ado. Haka wayar juya SATA zuwa fil 6 ko 8, ban yarda da ita ba ko kaɗan, narkewa take yi.

In fawa-fak ɗin na hannu ne daga Amurka, duba bayansa kafin ka jona. Tsofaffi suna da jan makunni mai 115 da 230. Wutarmu 230 ce. Na taɓa ganin wanda aka jona yana kan 115: ƙara ɗaya kamar an fasa leda, sai hayaƙi siriri da warin ƙonanniyar roba ya cika shago.

Mai mita zai iya aunawa kwamfuta na kunne: baƙar waya ita ce ƙasa, rawaya 12V, ja 5V, ruwan lemo 3.3V. Rawaya ta tsaya tsakanin 11.4 da 12.6. Wanda ba shi da mita ya ari fawa-fak mai kyau ya gwada, wannan ma ya fi tabbas. Gwajin haɗa koriyar waya da baƙa yana nuna cewa yana kunnuwa ne kawai, bai nuna zai ɗauki kaya ba. Kuma kada ka kwance murfin fawa-fak, akwai wutar da ke kwana a ciki ko an zare shi.

Idan wutar unguwa ta yi ƙasa har fankar sama tana jan ƙafa, jira ta cika ko ka bi ta sitabilaiza kafin ka zargi kaya.

9. Fito da bod daga akwati

Idan duk an bi babu labari, kwance bod ka ɗora shi a kan kwalinsa. Bar masa firosesa da fankarsa, RAM ɗaya, katin hoto in dole ne, da wayoyin wuta. Cire SSD, had-disk, wayoyin USB na gaba da fitilun ado. Taɓa filoli biyu na PWR_SW, inda wayar maɓallin kunnawa ke shiga, da bakin sukudireba don kunnawa. Idan ya nuna a waje, akwati ne ke haɗa masa wuta: noti ya faɗa baya, ko akwai ƙafar tagulla da ke tsaye inda bod ba shi da huda, abin da ke faruwa idan an canza girman bod. Ƙirga ƙafafun, ƙirga hudojin, su zo daidai. Daga nan sai ka riƙa mayar da kaya ɗaya-ɗaya kana kunnawa, wanda hoto ya ɗauke a kansa shi ne.

10. Tambari yana fitowa, sannan allo ya yi baƙi

Wannan ciwo daban ne, kayanka lafiya suke, direban tsohon kati, wato manhajar da Windows ke sarrafa shi da ita, shi ne ke faɗa da sabo, musamman in daga AMD ka koma Nvidia ko akasin haka. Fara danna Windows da Ctrl da Shift da B tare, wannan yana sake tada direban hoto. In bai yi ba, kashe kwamfutar da maɓalli daidai lokacin da ɗigon Windows ke juyawa, ka maimaita sau biyu zuwa uku, za ta kai ka shafin gyara. Daga nan shiga Safe Mode, inda Windows ke tashi da abin da ya zama dole kawai, ka yi amfani da manhajar DDU ka share tsohon direba, intanet a kashe, sannan ka sa sabon da ka sauko daga shafin Nvidia ko AMD ko Intel.

Idan bincike ya tsaya a kan sabon kayan da ka sayo, kada ka jira kwanakin da mai shago ya ba ka su ƙare. Ɗauki bidiyo biyu da waya: kwamfutar tana nuna hoto da tsohon kaya, sannan ta ƙi nunawa da sabon, lambar jikinsa tana fitowa sarai. Tafi da rasit, in da hali ka tafi da kwamfutar kanta, ka nemi a gwada wanda za a canza maka a gabanka har ya shiga Windows kafin ka bar shagon.